FAGE MUKE BUƘATA KO DANDALI? ABIN DA NA GANI A TARIHIN ƊAKUNAN WASANNI NA JAMI'AR KANSAS

A zangon karatun da ya gabata, malaminmu na darasin fassara ya ba mu wani aikin gida da muka ɗauka mai sauƙi ne. Cewa ya yi mu nemo sunan Hausa da ya dace da dogon ginin nan da ke bayan ɗakunan kwanan maza, wanda kowa a jami'ar nan ke kira "jim". Wasu suka ce ɗakin motsa jiki, wasu suka ce zauren wasanni. Wani abokin karatunmu mai yawan barkwanci ya ɗaga hannu ya ce shi a ganinsa "ɗakin jarrabawa na biyu" ya fi dacewa, domin bai taɓa shiga ginin ba sai da biro da katin shaida a hannunsa. Aji ya fashe da dariya, har malam sai da ya murmusa. Ni ma na dara, amma da na koma ɗaki na natsu, sai na ga ai ba abin dariya ba ne. Shekarata ta uku ke nan a jami'a, kowace shekara akwai layi guda a takardar biyan kuɗina da aka rubuta kuɗin wasanni, kuma sau huɗu kacal na taɓa shiga wannan gini: sau uku don jarrabawa, sau ɗaya don wani taro da aka kama hayar wurin.

Wannan ne ya sa na shiga bincike, binciken kuma ya kai ni inda ban yi niyya ba. Da farko dai, kalmar da muke gutsurewa mu ce "jim" daga Girkanci ta samo asali, daga wata kalma mai ma'anar tsirara, saboda samarin Girka na da can tuɓewa suke yi kafin su shiga kokawa da tsere. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a irin waɗannan wurare ne manyan masanansu suka riƙa koyarwa. Makarantar Aflatun da ta ɗalibinsa Aristotal a birnin Atina duk a harabar wuraren motsa jiki suka zauna, kuma har gobe Jamusawa da wannan kalma suke kiran makarantar sakandare mai shirya yara shiga jami'a. Ke nan a wurin mutanen da suka ƙirƙiro kalmar babu katanga tsakanin inda ake horar da jiki da inda ake horar da ƙwaƙwalwa. Na baya ne suka zo suka gina katangar, mu kuma muka sa mata ƙofa muka garƙame da kwaɗo.

Ni ba Bahaushe ba ne, Hausar koyo nake yi, saboda haka idan kalma ta ɗaure mini kai nakan gangara Sabo in tambayi dattawan da ke zama a bencin wani mai shayi. Da na kai musu wannan tambaya, wani dattijo da ya yi dambe a ƙuruciyarsa ya ce, "Ɗan samari, wanne kake nufi, fage ko dandali?" Na ce, "Baba, ai ni na ɗauka duk ɗaya ne." Ya girgiza kai. Ya ce fage na gwanaye ne: mutum biyu a tsakiya, makaɗi a gefe, sauran jama'a sun kewaye suna kallo, wani lokaci ma sai ka biya kafin ka shiga. Dandali kuwa na kowa ne. In farin wata ya fito, yara maza na langa, 'yan mata na gaɗa, ba a tambayar kowa ko ya iya kafin ya shiga, babu kuma mai riƙe da mabuɗi. Wannan bambanci da Baba ya nuna mini shi ne mudun da na auna duk abin da na karanta daga baya, kuma da shi nake son mai karatu ya auna labarin da zan ba shi.

Labarin na Jami'ar Kansas ne, wadda ke garin Lawrence a tsakiyar ƙasar Amurka. Na zaɓe ta ne don a can mutumin da ya ƙirƙiro ƙwallon kwando ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma don sun adana tarihin gine-ginensu na wasa ɗaya bayan ɗaya, abin da mu a nan ba mu cika yi ba.

Dakta James Naismith, haifaffen ƙasar Kanada, ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a watan Disamba na 1891 a wata makarantar horarwa ta ƙungiyar YMCA da ke garin Springfield. Matsalar da ya so magancewa ƙarama ce. Lokacin sanyi ne, dusar ƙanƙara ta rufe fili, ɗalibai sun ƙosa da zaman ɗaki, ana neman wasan da za su yi a cikin gini ba tare da sun karya juna ba. Ya rataya kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace, ya rubuta dokoki 13, shi ke nan. A lura da kyau, ba don 'yan kallo aka ƙirƙiri wasan nan ba, don ɗaliban da ba su da wurin motsa jiki ne. A 1898 ya zo Kansas, kuma ba a matsayin koci aka ɗauke shi ba. Aikinsa shi ne kula da addu'o'i a majami'ar makarantar da kuma koyar da motsa jiki.

Wurin da ya tarar kuwa, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne na wani gini mai suna Snow Hall. Tsawon ɗakin daga daɓe zuwa silin ƙafa 11 ne, alhali shi kwandon a ƙafa 10 ake rataye shi, ga kuma ginshiƙai a tsakiyar fili. Duk wanda ya taɓa jefa ƙwallo ya san me wannan ke nufi: in ka ɗaga ta sama kaɗan, silin ya dawo maka da abarka. Don haka wasanninsu na farko a cikin gari suka riƙa yi, a wuraren aro. Naismith ya horar da ƙungiyar jami'ar har zuwa 1907, ya ci wasa 55, aka cinye shi 60. Har yau shi kaɗai ne kocin ƙungiyar maza ta Kansas da asararsa ta fi nasararsa yawa, shi da ya ƙirƙiro wasan! Abin bai dame shi ba. An ruwaito cewa ya taɓa gaya wa ɗalibinsa Forrest Allen cewa ƙwallon kwando ba a horar da mutum a kansa, yin sa kawai ake yi. A ma'aunin Baba na Sabo, Naismith mutumin dandali ne.

A 1907 aka buɗe ɗakin motsa jiki na Robinson, wanda aka raɗa wa sunan gwamnan jihar Kansas na farko, aka kuma kashe masa dala 100,000. Naismith na da hannu a tsara shi, kuma tsarin ya nuna tunaninsa: akwai wurin ninƙaya, akwai hanyar tsere, akwai ɗakunan sauya kaya da akwatunan ajiya ga ɗalibai maza da mata, sannan ga filin ƙwallo. Gaskiya ne a nan ma sun riƙa yin rajistar ɗalibai da taruka da bukukuwa, saboda haka ba mu muka fara mayar da ɗakin wasa zauren taro ba. Bambancin shi ne su in an gama taro sai a kwashe kujeru a ci gaba da wasa. Mu kuwa in an gama taro sai a bar kujerun a jibge don taro na gaba.

Kada mai karatu ya ɗauka yabo na zo yi. Wannan dandali na Robinson yana da tasa ƙofar, kuma ba kowa ake buɗe wa ba. A 1933 wani saurayi baƙar fata mai suna John McLendon ya shiga jami'ar don karanta ilimin motsa jiki, Naismith ne mai ba shi shawara. Ba a yarda ya buga wa ƙungiyar jami'a ba saboda launin fatarsa, domin sai a farkon shekarun 1950 ne baƙar fata na farko ya sa rigar ƙungiyar. Bugu da ƙari, ninƙaya na cikin abin da ɗalibin sashensu zai ci kafin ya kammala, amma ba a barin baƙaƙen fata su shiga ruwan, sai dai a yafe musu darasin. McLendon ya ƙi karɓar wannan yafiya ta wulaƙanci, ya je ya faɗa ruwan ya yi ninƙayarsa. Da ya fito sai aka tsiyaye ruwan kaf aka zuba sabo. Bai karaya ba. Ɗalibai fararen fata da dama suka sa hannu a takarda cewa su ba su ƙi yin ninƙaya da shi ba, aka kai maganar gaban Forrest Allen, wanda a lokacin shi ne shugaban harkar wasanni. Aka yi yarjejeniya: za a buɗe ruwan ga kowa na mako biyu, in ba a samu rigima ba sai a bar shi a buɗe. Nan McLendon ya nuna wayonsa. Ya bi 'yan'uwansa baƙaƙen fata ya roƙe su kada kowa ya je wurin a waɗannan makonni biyu. Ba wanda ya je, ba a yi rigima ba, dole aka cika alkawari.

Na karanta wannan labari fiye da sau uku. McLendon ya kammala a 1936, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu horar da 'yan wasa a Amurka, har ya ci kofin ƙasa na ƙananan jami'o'i sau uku a jere, 1957 da 1958 da 1959, da wata jami'ar baƙaƙen fata a jihar Tennessee. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗalibi ne ya buɗe ƙofar nan. Bai jira majalisar jami'a ta zauna ba, bai fasa gilashi ko ɗaya ba, takarda da sa hannu da dabara ya yi amfani da su.

Kafin ma McLendon ya zo, 'yan kallo sun riga sun yi wa Robinson yawa. Forrest Allen, wanda ake wa laƙabi da "Phog" saboda ƙarfin muryarsa, bai karɓi maganar malaminsa ba. Shi ya yi imani ana horar da 'yan wasa, ana kuma cin kofi, ya kuma shafe kaka 39 yana tabbatar da haka. A 1927 aka mayar da wasannin gasa babban zauren taro na Hoch, mai ɗaukar mutum wajen 3,500. Ba don wasa aka gina shi ba, don kiɗa da lacca ne. Bangonsa a lanƙwashe yake, ga ado a bayan kwando mai ruɗa ido, har baƙin ƙungiyoyi suka tsani wurin. Daga wannan shekara ne hanya ta rabu biyu a Kansas: gini ɗaya na yi, gini ɗaya na kallo.

Sai kishi ya shigo. A 1950 abokiyar hamayyarsu, wato Kansas State, ta buɗe katafaren ɗakin wasa na Ahearn wanda ya ninka Hoch sau da yawa. A 1952 Kansas ta ci kofin zakarun jami'o'in Amurka, amma ga zakara yana kwana a akurkin aro. Aka fara sabon gini a wannan shekara, sai aikin ya tsaya domin ana Yaƙin Koriya, gwamnati ta taƙaita amfani da ƙarfe. Hukumar jami'a ta yi nata wayon: ta ƙara ɗakunan ajiye makamai na ɗalibai masu horon soja a cikin tsarin ginin, aka lissafa shi cikin ayyukan tsaro, ƙarfe ya samu. Ranar 1 ga Maris 1955 aka buɗe ɗakin wasa na Allen, mutum 17,228 suka shiga a wannan dare. Wani abin tausayi shi ne shi Allen ɗin bai more ginin da ke ɗauke da sunansa ba, domin a 1956 dokar ritaya ta cim masa yana ɗan shekara 70. A ƙarshen wannan shekara ne Wilt Chamberlain, dogon yaron da Allen ya jawo daga Philadelphia, ya buga wasansa na farko a babbar ƙungiya ya zuba maki 52 shi kaɗai, a hannun wani koci daban.

Ko shakka babu, wannan gini fage ne na gani na faɗa. Filin cikinsa yana ɗauke da sunan Naismith, titin da ya bi ta gabansa ma haka. Ɗalibai kan yi kwanaki suna karɓa-karɓa wajen riƙe layi don samun wurin zama mai kyau a babban wasa. A watan Fabrairu na 2017 ihun 'yan kallo a cikinsa ya shiga kundin Guinness a matsayin mafi ƙarfi da aka auna a wasan cikin gini. Jami'ar ta ƙara cin kofin ƙasa a 1988 da 2008 da 2022. A nan Joel Embiid, ɗan Kamaru, ya buga a kakar 2013 zuwa 2014, a nan kuma ɗan ƙasarmu Udoka Azubuike, haifaffen Legas, ya buga daga 2016 zuwa 2020. Takardu biyun da Naismith ya rubuta dokokinsa 13 a kai, wani tsohon ɗalibi mai suna David Booth ya saye su a gwanjo a 2010 a kan dala miliyan 4.3, aka kuma gina musu wuri na musamman a jikin ginin, wanda aka buɗe a 2016. Na yi ta tunanin abin da mutumin da ya rataya kwandon 'ya'yan itace zai ce da ya ji wannan farashi. Inda kuɗi suka taru kuwa ba a rasa ƙura. Bayan binciken da ya shafi kuɗin da wakilan wani kamfanin kayan wasanni suka riƙa bayarwa don jawo 'yan wasa, a 2023 aka soke wa Kansas nasarori 15 na kakar 2017 zuwa 2018.

To, ina ɗalibin da ba gwani ba? Ina mai karanta tarihi ko kimiyyar harshe, wanda ba ya neman kofi, so yake kawai ya yi gumi bayan ya wuni a ɗakin karatu? Tsohon Robinson dai an rushe shi a 1967, aka gina ɗakunan darasi a wurin, aka mayar da sunan kan wani sabon gini da ɗalibai ke rabawa da azuzuwan sashen motsa jiki. Hoch kuwa aradu ta faɗa masa a watan Yuni na 1991 ya ƙone, aka tsira da fuskar ginin kawai, aka sake gina bayansa ya zama ɗakunan lacca. Sai a 2003 aka buɗe babbar cibiyar motsa jiki ta ɗalibai zalla, wadda ake kira Ambler, kuma da kuɗin da ɗalibai suka yarda a ɗora musu aka gina ta. A duba tazarar: daga 1955 zuwa 2003 shekara 48 ke nan. Jami'ar da ke da ɗaya daga cikin fitattun fagagen wasa a duniya, sai da ɗalibanta suka sa hannu a aljihu kafin su sami dandali irin wanda ya ishe su.

Wannan shi ne abin da ya dawo da ni gida. A nawa ganin, mu a Nijeriya mun kwaikwayi rabin labarin ne, kuma rabin da ya fi tsada muka ɗauka. Tun da aka fara gasar wasannin jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, a Ibadan a 1966, akasarin lokacin da ake tunawa da gine-ginen wasa a makarantunmu shi ne idan baƙi za su zo. A yi fenti, a gyara fitila, a kawo sababbin raga, a yanka ƙyalle, baƙi su tafi, a rufe. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa kullum ranar tafiyar muke neman wuƙa. Ba jami'o'i kaɗai ke da wannan hali ba. Babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere, wanda aka gina a 1972 ya karɓi gasar wasannin Afirka a 1973, kowa ya san shekarun da ya shafe yana lalacewa a idon jama'a. Mun iya gina wa baƙo, ba mu iya gyara wa ɗan gida ba.

Bayan aikin gidan nan na je na leƙa namu ta taga. Daɓen katako ne mai kyau, irin wanda yanzu ba kowa zai iya sayensa ba, amma inda rufi ke yoyo ya kumbura ya yi baƙi. Kwando ɗaya babu raga, ɗayan ya karkace. Kujerun roba sun kai rabin bango. Na sami maigadin, wani bawan Allah mai fara'a, na gaishe shi na ce, "Baba, yaushe ake buɗewa?" Ya ce, "Yaro, mabuɗi na ofis. In 'yan ƙungiya za su yi atisaye, ko an kama wurin, sai a aiko." Na ce to wace shekara aka gina shi? Ya yi dariya ya ce shi dai ya zo ya tarar da shi. Na tambayi mutum uku a ofishin da ya ambata, kowa da shekarar da ya ba ni. Babu allo a jikin bango, babu hoto, babu sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka taɓa ciyo wa makarantar nan lamba a wannan daɓe. Mutanen Kansas sun san tsawon silin ɗin ɗakin da suka bari fiye da shekara 100 da suka wuce, mu ba mu san shekarun ginin da muke wucewa ta gabansa kullum ba.

Na san abin da wasu za su ce, domin an riga an faɗa mini. Wani abokina ɗan ƙungiyar ƙwallon kwando ya ce in aka buɗe wa kowa, 'yan koyo za su lalata daɓen, su kuma hana gwanaye atisaye, alhali gwanayen ne ke fito da sunan makaranta. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya, kuma ni ba maƙiyin fage ba ne. Na yi ihu har muryata ta dushe lokacin da 'yan matanmu na D'Tigress suka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta 2024 a Faris. Amma daga ina gwanin ke fitowa? Hakeem Olajuwon ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu yake yi a Legas, sai da ya kai shekara 15 ya fara ƙwallon kwando. Embiid ma a wajen wannan shekarun ya fara, bayan ya yi ƙwallon raga da ƙwallon ƙafa a Yawunde. Da a ce ranar da suka fara zuwa an ce musu wurin na 'yan ƙungiya ne kawai, da yau ba wanda ya san su. Ɗan damben da ke tsakiyar fage ai a dandali ya fara naɗe hannu da tsumma. Wanda ya rufe dandali don ya kare fage, shi ne zai wayi gari yana neman gwani bai samu ba.

Wasu kuma za su ce jami'a ba ta da kuɗi, hayar zauren ce ke biyan kuɗin wuta da man janareta. Na yarda. A ba da haya Asabar da Lahadi, ba wanda zai yi ƙorafi. Amma in hayar na shigowa, kuɗin wasannin da dubban ɗalibai ke biya na shigowa, me ya hana a canja kwano biyu na rufi? Ba zargin kowa nake yi ba, tambaya ce ta wanda ke riƙe da rasit. Kuma akwai waɗanda rufewar ta fi cutarwa fiye da ni. Mu maza ko ba komai mukan kafa duwatsu biyu a bayan hostal mu buga ƙwallo. 'Yan'uwanmu mata fa? Da yawansu, Musulmi da Kirista, ba za su yi gudu ko tsalle a bainar samari ba, kuma suna da hujjarsu. Ɗaki mai bango da ƙofa da wurin sauya kaya shi ne kaɗai dandalinsu, shi ne kuma aka kulle. Kuɗin da suke biya daidai yake da namu, ko kwabo ba a rage musu ba.

Abin da nake nema bai kai a kira ɗan kwangila ba. A buɗe ginin daga ƙarfe 4 zuwa 7 na yamma a ranakun karatu, a raba lokacin tsakanin 'yan ƙungiya da sauran ɗalibai, a ware wa mata ranakunsu, a manna jadawalin a ƙofa inda kowa zai gani. A ƙarshen shekara kuma a manna takarda guda mai nuna abin da aka tara na kuɗin wasanni da inda ya tafi. Sauran aikin namu ne, mu ɗaliban harshe. Kowace shekara muna neman batun kundin kammala digiri, muna ta maimaita abin da na gabanmu suka riga suka tatse. Ga tsofaffin ma'aikata da tsofaffin 'yan wasa nan da ransu, wasu Hausa suke ji, wasu Yarabanci, wasu Ibo. A ɗauki waya a naɗi muryarsu kafin su tafi da abin da suka sani, a rubuta tarihin ginin, a tattara kalmomin wasa da suke amfani da su. Idan Makon Hausa ya zo kuma, maimakon mu tsaya ga rawa da tuwo kawai, mu nemi a ba mu zauren mu shimfiɗa tabarmi a yi kokawa da langa, mu gayyato su Baba daga Sabo su yi alƙalanci.

Amsar da na rubuta wa malam a aikin gidan ita ce "dandalin motsa jiki". Da ya dawo mana da takardunmu, sai na ga ya ja layi a ƙarƙashin kalmar da jan biro, ya rubuta a gefe: "Dandali yana da kwaɗo?" Ya ba ni shida cikin goma. Ranar Juma'ar da ta wuce na sake bi ta wurin, na tarar ana sauke rumfuna da tukwanen abinci daga mota, wai ɗaurin aure za a yi washegari. Takardar koken da muka rubuta, da Hausa da Ingilishi, tana hannun sakataren ƙungiyar ɗaliban Hausa, kuma ba sai ɗan sashenmu ne zai sa hannu ba. Ranar Talata bayan darasin ƙarfe 2 za mu kai ta ofishin kula da harkokin ɗalibai. Wanda zai raka mu ya zo da rasit ɗinsa.